Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ƙungiyoyin matuƙa ƙananan jirage a Amurka: a daina fakewa da mu

Assalamu alaikum manyanmu, shugabannin ƙungiyoyin da ke magana da yawun masu tuƙa jiragen kansu a Amurka, musamman AOPA, ƙungiyar masu ƙananan jirage da matuƙansu, da tun 1939 take wannan aiki, da kuma 'yan uwana matuƙa da muke haɗuwa a bakin famfon mai da sassafe kowa riƙe da abin kunnensa. Ina gaisuwa da fatan alheri.

Ni dai ƙaramin matuƙi ne, ba ni da jirgin kaina, hayar ƙaramin jirgi Cessna 172 nake yi a ƙarshen mako idan aljihu ya yarda kuma sararin sama ya yi kyau. Na daɗe maganar nan tana cina a rai, na yi ta danne ta don kar a ce na fita daga sahu, amma gaskiya na gaji da shiru. Tambayar da ake yawan jefo mana ita ce wai mu masu tashi don kanmu muna biyan kasonmu na kuɗin hidimar da ake yi wa jirage kuwa, ko dai fasinja ne ke ɗauke da mu? Duk lokacin da aka yi tambayar sai mu taso gaba ɗaya da amsa guda, muna biya ta hanyar harajin mai, a ƙyale mu. To ni ma na sha faɗin haka. Sai ranar da na zauna na yi lissafi da kaina na ga amsar nan rabinta gaskiya ce, rabin kuma wasu take rufa wa asiri, kuma ba mu ba ne.

Abin da ya sa na yi lissafin, wata ƙanwata ce ta zo wurina, na ɗauke ta muka zaga sama kamar awa ɗaya. Da muka sauka na ja jirgin zuwa famfo, na maƙala wayar da ke hana tartsatsi, na hau ɗan tsani na cika tankin fiffike, galan takwas da 'yan kai. Tana tsaye tana kallo sai ta ce, "Yaya, duk mutanen nan da ka yi ta magana da su a rediyo, nawa ka biya su?" Na ce ai yana cikin kuɗin mai. Ta ce nawa? Na tsaya. Harajin gwamnatin tarayya a kan man ƙananan jirage santi 19.4 ne a kowane galan. Galan takwas ke nan dala ɗaya da santi 55. Ita kuwa tikitin jirgin fasinjan da ta zo da shi an cire mata kashi 7.5 cikin ɗari na kuɗinsa, an ƙara mata dala biyar da ɗoriya a kan kowane tashi da sauka. Ta ce to ashe ita ta fi ni biya, alhali ita zama kawai ta yi a kujerar baya kusa da banɗaki. Wallahi ban sami abin ce mata ba a lokacin.

Ga wanda bai san yadda abin yake tafiya ba, tun 1970 aka kafa wani asusu na musamman na filayen jirage da hanyoyin sama, a nan ake tara harajin tikiti da na kaya da na mai, kuma daga nan yawancin kuɗin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ke fitowa, ragowar a cike daga baitulmali. Albashin jami'an da ke kula da zirga-zirgar jirage, na'urorin rada, hasumiyoyi, fitilun titin sauka, hasashen yanayi, duk daga nan ne. Kuma mafi yawan abin da ke shiga asusun nan daga aljihun fasinjojin manyan jirage yake zuwa, wannan ba abin musu ba ne, kowa ya san da haka har mu.

To yanzu bari in faɗi inda muke da gaskiya, don muna da ita kuma ba kaɗan ba. An gina wannan babban tsarin ne saboda manyan kamfanonin sufuri, saboda jirage ɗari-ɗari da ke son sauka a Atlanta ko Chicago a cikin awa guda. Da a ce gobe duk wata Cessna da Piper ta daina tashi, ba za a rufe cibiyar rada ko ɗaya ba, ba za a sallami ma'aikatan hasumiyar filin jirgin JFK na New York ba. Yawancin tashin da muke yi a ƙasa-ƙasa ne, da rana, muna gani da ido. A cikin filaye wajen 5,000 da kowa zai iya sauka a ƙasar nan, waɗanda ke da hasumiya ɗari biyar ne da 'yan kai, sauran mu da kanmu muke sanar da juna a rediyo, ga ni nan zan shigo, ga ni nan na juya, kowa ya buɗe idonsa. Ko neman a bi ka da rada idan kana tashi da ido, sai jami'i yana da sarari yake karɓarka, idan aiki ya yi masa yawa zai ce maka ba zai iya ba kuma babu wanda zai ga laifinsa. Sannan da aka ce daga 1 ga Janairu 2020 dole jirgi ya sa na'urar ADS-B mai sanar da inda jirgi yake kafin ya shiga wasu sassan sama, masu jirage suka zaro dubban daloli daga aljihunsu suka sa, tallafin da gwamnati ta bayar dala 500 ne kuma ba kowa ya samu ba.

Ga kuma abin da fasinja ba ya gani. Bayan haɗarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a Fabrairun 2009 inda mutum 50 suka rasu, an zo an sa dokar cewa sai matuƙi ya tara awa 1,500 kafin ya zauna a gaban jirgin fasinja, in ban da 'yan sassauci ga wasu. A ina ake tara awannin nan? A cikin ƙananan jiragen nan namu, a ƙananan filayen nan da ake ganin kamar ɓarnar kuɗi ne. Kyaftin ɗin da ya kawo ƙanwata lafiya, ina da yaƙinin shi ma ya taɓa hawa tsani ya cika tankin wata 'yar Cessna. Ka kashe ƙananan jirage, ka toshe rijiyar da manyan ke sha. Haka jiragen kai marasa lafiya asibiti, da masu feshin gona, da masu kashe gobarar daji, duk ƙananan filaye suke amfani da su.

Amma fa 'yan uwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ma muna cin moriyar da ba mu biya cikakken kuɗinta ba, kuma ya kamata mu iya faɗin haka ba tare da jin kunya ba. Ƙaramin filin da nake tashi, kwaltar titinsa da fitilunsa da shingensa yawanci tallafin tarayya ne, ƙananan filaye irin wannan suna iya samun har dala 150,000 a shekara daga asusun can, kuma tarayya ce ke ɗaukar wajen kashi 90 na kuɗin aikin. Bayanin yanayi kyauta muke samu, a waya ko a kan allo muna cikin sama. Idan ka ɓace a nemo ka kyauta. Kuma santi 19.4 ɗin nan da muke taƙama da shi tun shekarun 1990 yake a haka bai motsa ba, kuɗin komai ya ninka, albashi ya tashi, kayan aiki sun tashi, shi yana nan inda aka bar shi, wato a zahiri kullum raguwa yake yi. Kuɗin da ake ɗora wa fasinja a kan kowane tashi kuwa duk shekara ana ɗaga shi gwargwadon tsadar rayuwa. Wannan ba daidai ba ne, kuma ni na yarda a gyara.

Ba zan manta wani yammaci ba, ina dawowa ni kaɗai, hazo ya sauko da wuri fiye da yadda aka yi hasashe, rana tana faɗuwa, ƙasa da sama suka fara zama abu guda a idona. Hannuna ya jiƙe da gumi a kan sitiyari. Na kira jami'in rada na faɗa masa halin da nake ciki, muryata har rawa take. Mutumin nan yana fama da manyan jirage a jere, ina jin yadda yake jefa musu umarni ɗaya bayan ɗaya, amma da ya juyo kaina sai ya sassauta murya, ya ba ni lambar da zan sa a na'ura, ya ce ya gan ni, ya ce in juya kaza, in riƙe tsayi kaza, akwai fili mil goma sha biyu a gabana inda sama ta fi haske. Bai bar ni ba sai da na ce masa ga fitilun titi na gani. Ban san sunansa ba, ban san fuskarsa ba. Harajin da na biya a tafiyar nan duka bai kai dala uku ba. Idan aka ce in ƙara santi goma a galan don mutumin nan ya sami abokin aiki ya daina yin kwana shida a mako awa goma-goma, wallahi da hannu biyu zan bayar.

Sai dai wannan labarin shi ne kuma dalilin da ya sa nake tare da ku ɗari bisa ɗari wajen ƙin a riƙa cajin kuɗi a kan kowace hidima. Da a ce kiran nan da na yi yana da farashi, da a ce na san takardar biya za ta biyo ni gida, na rantse da na ɗan jinkirta, in ce bari in ƙara gaba kaɗan ko hazon zai yaye. Wannan jinkirin shi ke kashe mutane. A Birtaniya inda kuɗin sauka ya zama ruwan dare, sai da aka yi ta roƙon filaye su yafe kuɗin ga wanda ya sauka saboda gaggawa, don an lura tsoron biya yana sa matuƙa su ƙi karkata hanya a lokacin da ya kamata. Harajin mai kuwa ba ya buƙatar wani sabon ofis na aika takardu, ka tashi da yawa ka biya da yawa, shi ke nan. A nan ba ni da ja.

Inda muka rabu shi ne maganar jiragen jet na attajirai da manyan kamfanoni. A takarda an yi mana kuɗin goro, da ɗalibin da ke koyon sauka a jirgi mai kujera biyu, da mai jet ƙirar Gulfstream da mota ke zuwa har gindin matattakala ta ɗauke shi, duk suna ɗaya ake kiranmu da shi. Amma a sama ba hanyarmu ɗaya ba. Daga ƙafa 18,000 zuwa sama babu tashi da ido, kowane jirgi dole ya kasance a hannun jami'i tun daga farko har ƙarshe. Jet ɗin nan yana hawa ƙafa 40,000 ko fiye, yana bin hanyoyin da Boeing ke bi, yana tashi daga filin Teterboro da ke kusa da New York ya kutsa cikin cunkoson New York, kowane jami'i ya miƙa shi ga na gaba har ya isa filin Van Nuys a Los Angeles. A kan allon rada ɗigo ɗaya ne, daidai da jirgi mai mutum 160. Aikin da za a yi masa bai ragu ba don mutum huɗu ne a ciki.

To nawa ya biya? Idan na mai shi ne ba haya aka ɗauka ba, harajinsa santi 21.9 ne a galan. Mu ƙaddara babban jet ne mai shan galan 450 a awa, tafiyar awa biyar daga gabas zuwa yamma, galan 2,250 ke nan, haraji bai kai dala 500 ba. Yanzu ɗauki Boeing 737 a hanya ɗaya da fasinja 160, mu ce kowa ya sayi tikiti dala 300. Kashi 7.5 da dala biyar ɗin nan a kan kowane mutum, an tashi dala 4,400, ban da santi 4.4 da kamfani ke biya a kan kowane galan. Hanya ɗaya, jami'ai ɗaya, rada ɗaya. Malamar makaranta da ta tara kuɗi wata uku don ta je ganin mahaifiyarta, ita da irinta suka biya kusan ninki tara na abin da jirgin biloniya ya biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Don adalci, jet ɗin da aka yi shatarsa yana biyan kashi 7.5 kamar na fasinja, ba da shi nake ba. Da na masu shi nake, wanda kamfani ko mutum ya saya yake hawa abinsa.

Gwamnatin Biden a kasafin da ta gabatar a Maris 2024 ta ce irin waɗannan jirage su ne kashi 7 cikin ɗari na zirga-zirgar da FAA ke kula da ita, amma abin da suke zubawa a asusun kashi 0.6 ne kacal, ta nemi a ɗaga harajin mansu a hankali cikin shekara biyar har ya kai dala ɗaya da santi shida a galan. Ana iya jayayya a kan yadda aka yi lissafin, ana iya cewa adadin ya yi yawa, na yarda. Amma man fetur ɗin ƙananan jiragenmu ba shi aka nufa ba. Haka ma dala 100 a kowane tashi da gwamnatin Obama ta fara kawowa a 2011, an cire jirage masu injin fistin irin namu na masu tashi don nishaɗi. Dala 25 da aka kawo a Majalisar Dattawa a 2007 ma ba a kanmu ta faɗa ba. Amma kowane karo mu ne ake sa wa a gaba, mu ne ke cika akwatunan 'yan majalisa da wasiƙu, hotonmu ake nunawa, dattijo da jikansa a gefen tsohon jirgi mai farfela, manomi a ƙauyen da babu jirgin fasinja. NBAA ƙungiyar masu jiragen kamfanoni ce irin jet ɗin nan, kare mambobinta aikinta ne kuma ba na zarginta don ta yi aikinta. Tambayata gare ku ce, manyanmu: mu me ya kai mu? Ana fakewa da guzuma ana harbin karsana, kuma mu ne guzumar.

Na san amsar da za ku ba ni don na sha jin ta, cewa idan aka bari aka taɓa su yau gobe kanmu za a zo, haɗin kai shi ne ƙarfinmu, kuma da haɗin kan nan ne aka kayar da yunƙurin 2017 na cire kula da zirga-zirgar sama daga hannun gwamnati a miƙa wa wata hukuma da kowa ke tsoron manyan kamfanoni za su mamaye. Ban raina wannan ba, ni ma na ji tsoron shirin nan. Amma ku dubi maƙwabta. Kanada ta miƙa nata tsarin ga kamfanin NAV CANADA tun 1996, kuma ƙaramin jirgi mai farfela kuɗi ƙalilan yake biya sau ɗaya a shekara, manya su biya gwargwadon nauyi da nisa. A Turai ma hukumar Eurocontrol mai karɓar kuɗin hanyoyin sama da nauyi da nisa take lissafi, jirgin da bai kai tan biyu ba an yafe masa kuɗin hanya. Ba cewa nake mu kwafo nasu ba, tashi a Turai akwai tsada kuma ba na fatan mu koma haka. Abin da nake nunawa shi ne duniya ta san bambancin Cessna da Gulfstream, ba abu ne mai wuyar rubutawa a doka ba. Mu ne muke nacewa a ɗaure mu da igiya ɗaya.

Kuma ku duba halin da tsarin yake ciki yanzu. Jami'ai sun yi ƙaranci da dubbai, kayan aiki sun tsufa, a Afrilun 2025 masu kula da jiragen Newark suka rasa rada da rediyo na ɗan lokaci jirage suna sama, kowa ya ji labarin. Majalisa ta ware dala biliyan 12.5 a 2025 don sabunta kayan, kuma tun a lokacin aka ce ba za su isa ba. Kuɗin nan dole wani ya biya. Jama'a ba wawaye ba ne, ranar da fasinja ya fahimci lissafin da ƙanwata ta fahimta a bakin famfo cikin minti biyu, fushinsa ba zai tsaya tantance wane ne mai farfela wane ne mai jet ba, tunda mu da bakinmu muka ce mu ɗaya ne. Ranar nan kuɗin kowace hidima da muke gudu shi za a ƙaƙaba mana gaba ɗaya, kuma attajiri zai biya ko a jikinsa, ɗalibin da ke haɗa kuɗin awa arba'in ɗinsa na farko na neman lasisi da aikin dare shi zai haƙura ya koma gida.

Dokar da ke tafiyar da FAA yanzu an sa mata hannu a Mayun 2024, za ta ƙare a ƙarshen Satumbar 2028. Ke nan akwai lokaci, amma ba mai yawa ba, don tun kafin nan za a fara zaman sauraron ra'ayi. Roƙona gare ku, kar mu jira a kawo mana, mu mu kai. Mu je gaban majalisa mu ce a ɗaga harajin man ƙananan jirage ya kamo abin da tsadar rayuwa ta cinye, a ɗaure shi da ita yadda ba zai sake daskarewa shekara talatin ba, a bar shi a bakin famfo kar a mayar da shi takardar biya. Sannan idan aka zo kan man jet, ko dai mu goyi bayan ƙari mai ma'ana ko mu ja bakinmu mu bar masu shi su kare kansu da hujjarsu, suna da lauyoyi da kuɗin yin haka fiye da mu.

Idan kuna ganin ni kaɗai ne ke wannan tunanin, abu ne mai sauƙi, ku tambayi mambobi. Ku aiko mana da tambaya biyu kawai a rabe, ɗaya a kan namu man, ɗaya a kan na jet, kar a haɗa su a jimla guda, kuma ku wallafa sakamakon kowa ya gani kafin a shiga zaman majalisa. Ni dai tawa amsar kun riga kun ji ta.

Naku,
ɗan uwanku mai hayar Cessna a ƙarshen mako